Jinyar Yagana a Gindin Darbejiya

Abin da ƙasar Indiya ta fara yi mini shi ne ƙwace mini kifi. Ko gaisawa ba mu yi ba. Muna sauka a filin jirgin Delhi, ni da 'yata Yagana, sai ga wani kare ya nufo mu, kare mai ma'aikaci nasa na kansa yana riƙe masa igiya. Ya wuce akwatunan duniya bai ko kalle su ba, ya zo gaban kwalina ya zauna kamar wanda aka gayyato walima. Ban ga laifinsa ba. Bandar tarwaɗa ce da na zaɓa da hannuna, kuma ni Modu tun ba ni da gemu nake sayar da kifi a kasuwar Baga Road, ban taɓa zaɓen banza ba.

Ma'aikacin ya buɗe kwalin ya toshe hanci. Ya kira wani, shi ma ya toshe. Kafin a jima masu toshe hanci sun isa sahun salla. Na ce wa Yagana, don ita ce mai Turancin makaranta, nawa na ciniki ne kawai:

"Gaya musu tsarabar likita ce. Ba a zuwa gaban babban mutum hannu rabbana."

"Baba, sun ce ba a shiga da shi."

"Gaya musu daga Legas ake tada mota takanas saboda kifin nan."

"Baba, kaina."

Da ta faɗi haka sai na saki kwalin. Na ce su ci, Allah ya sa ƙaya ta maƙale wa karen.

Ciwon kan nan shi ya kawo mu. Yagana shekararta goma sha uku a lokacin. Sunan mahaifiyata ta ci, shi ya sa nake ce mata Uwata. Yarinya ƙarama, amma hawan jininta irin na ɗan kasuwar da motar kayansa ta faɗi a hanyar Damaturu. Ga haɓo, ga ciwon kai. Maƙwabtanmu a Maisandari suka ce surutuna ne ya hau mata kai. Da aka gaji da ƙwayoyi aka sa ta a na'urar hoto, sai likitanmu ya zaunar da ni. Ya ce babbar jijiyar da ke ɗauko jini daga zuciya ta gangara da shi ciki da ƙafafu, ita ce ta tsuke a tsakiya, daidai wurin da ƙoda ke karɓar nata rabon. Ya ce shi a littafi ya san ciwon, bai taɓa ganinsa ido da ido ba sai a kan 'yata. Na ce madalla, ko a ciwo gidanmu ba ma ɗaukar na kowa da kowa. Ya ce aikin ba na nan ba ne. Na sayar da abin da zai sayu, muka taho. Uwarta Falmata tana da goyo, dole ta zauna.

A bakin ƙofar fita wani ɗan ƙasarmu yana jiranmu, wanda aka haɗa ni da shi ta waya tun daga gida. Kwat, tabarau, turare kamar an fasa shago. Ya ce sunansa Dakta Bala. Daga baya na gane ko kaza bai taɓa yi wa allura ba. Ya rungume ni ya ce, "Alhaji, daga yau damuwarka ta zama tawa." Washegari ya kai mu wani asibiti da ke saman shagon tayoyi. Likitan wurin ya ɗaga hoton Yagana sama, ya ajiye, ya ce jibi za a yi aiki. Ko hannunta bai taɓa ba. Yana magana yana kallon Dakta Bala ta saman kaina, shi ma yana kallonsa.

Wannan kallon na san shi. Shi ne wanda dillali da mai saye ke yi wa juna idan baƙauye ya kawo kifi kasuwa bai san farashi ba. Ranar nan ni ne baƙauyen, 'yata ce kifin. Na miƙe na zare hoton daga kan teburin.

"Alhaji, ina zuwa?" in ji Dakta Bala.

"Salla."

"Wace salla ce da hantsi?"

"Nafila. Uwata, taso."

Sunan asibitin da likitanmu na gida ya ambata yana kan Yagana, ta haddace shi. Muka tare Keke Napep, irin namu sak, har da direban da ya ɗauka birki ado ne. Na ce wa Yagana, kin ga mutanen nan sun kwaikwaye mu. Ta ce daga nan ake kai mana. Na ce ƙarya ake koya muku a makaranta.

Na ɗauka wanda zai buɗe cikin mutum ya taɓa jijiyar ransa ƙato ne mai dantse irin na mahauci. Sai ga wata 'yar tsohuwa mai furfura, wadda da za a sa ta a kwalin kifi da an samu wurin ƙara albasa. Ita ce likitar. Ta auna jinin Yagana a hannu, ta auna a ƙafa, ta sake aunawa. Ta daɗe a kan hoton har na fara tunanin ko barci ya ɗauke ta. Sannan ta juyo tana magana a hankali, Yagana tana mayar mini.

"Ta ce kamar tiyon ban-ruwa ne aka taka a tsakiya. Sama jini ya yi yawa, ƙasa bai isa ba. Za su ɗinka wani bututu na musamman daga saman wurin da ya tsuke zuwa ƙasansa, jini ya bi ta can ya kewaye."

"Ai wannan aikin masunta ne," na ce. "In ciyawa ta toshe mashigi sai a yanka sabo ta gefe, kwalekwale ya wuce. Gaya mata na gane."

Likitar ta ci gaba. Yagana kuwa ta daina fassarawa.

"Me ta ce?"

"Ta ce aiki ne babba."

"Bakinta ya fi haka daɗewa yana motsi, Uwata."

Ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafinta. "Ta ce ƙodata ta hagu ta fara ƙanƙancewa don ba ta samun jini. In aka daɗe za ta mutu, ta dama ma ta bi ta. Kuma ta ce a wurin aikin ma, wani lokacin mutum ba ya..." Ba ta ƙarasa ba.

A ce yarinya ce za ta fassara wa ubanta wannan magana da bakinta. Na gyara hula.

"Gaya mata mu 'yan Maiduguri ne. Mun kwana muna jin ƙarar abin da ya fi wuƙarta, gari ya waye muka je muka buɗe kasuwa. Ta sa rana."

Ban san yadda Yagana ta juya maganar ba, amma tsohuwar ta yi murmushi, ta sa rana. Ta ce a kwantar da ita tukuna a sauko da hawan jinin.

Aka ba mu gado a hawa na sama, aka rataya mini wani kati a wuya, aka ce shi ne izinin mai jinya, mutum ɗaya tak. A nan na ga abin da ya fi ƙwace kifi ba ni mamaki. Ga marasa lafiya ɗaki-ɗaki, ga tsabta har kana ganin fuskarka a ƙasa, amma shiru kamar an yi rasuwa an hana kuka. A garinmu in an kwantar da mutum, kafin a gama ɗaura masa ƙarin ruwa unguwa ta iso: kulolin abinci, kunu a fulas, tsofaffi a kan tabarma. Wanda ya zo duba nasa ma sai ya bi gado-gado ya yi wa kowa sannu kafin ya fita. Wata safiya Yagana tana kallon ƙofa ta ce:

"Baba, su nan ba a dubiya ne?"

"Ba a koya musu ba ne. Bari in koya musu."

Na sauka na sayo dabino na cika aljihu, na fara daga ɗakin farko. In ƙwanƙwasa, in yi sallama, in ce sannu, in ƙara da wushe ta Kanurinmu, Allah ya ƙara sauƙi, in ajiye abin da ya samu in wuce. Wasu su ja bargo su rufe fuska. Wasu su ɗauka ma'aikaci ne ni, su nuna mini famfon da ya lalace. A wani ɗaki na ce wushe, sai na ji muryar mace ta ce, "Wushe kuma? A Indiya?"

Malama Rifkatu ke nan, mutuniyar Biu, tsohuwar malamar firamare, ta kawo mijinta an yi masa aikin gwiwa. Muka yi gaisuwar da ta kusa cinye yinin. Ta zo ta ga Yagana, ta tsefe mata kai ta yi mata kitso. Sannan ta ja ni gefe.

"Ba Modu, yawon nan naka zai jawo maka magana. Babbar nas ta fara harararka. Ka bar ba mutane abinci."

"Malama, dabino abinci ne? Dabino ai gaisuwa ce."

Akwai wani tsoho mai rawani a ɗakin da ke kallon namu, farin gemu har ciki. Ba ya jin Turanci, ni ba na jin nasu, saboda haka mun fi kowa fahimtar juna. Kullum in zauna in ba shi labarin kasuwa da Kanuri, shi ya ba ni nasa da yarensa, mu yi dariya a inda ya dace. Wata safiya na shiga na ga an rataya wani allo a kan gadonsa. Na ɗauka sunansa aka rubuta. Ya kalli aljihuna, ya miƙo hannu. Na ba shi dabino. Ya ƙara miƙowa. Yana cikin tauna nas ta shigo da keken da za a kai shi tiyata.

Ashe allon cewa ya yi kada a ba shi ko ruwa.

Ihun da matar nan ta yi, na tabbata an ji shi a Gamboru. Aka fasa aikin tsohon a ranar. Ɗansa ya iso, shi ma da rawani, kafaɗarsa ta cika ƙofa, yana nuna ni da yatsa yana faɗar abubuwan da na gode wa Allah da ban ji ba. Har gobe ina nan a kan cewa tsohon ne ya miƙo hannu, kuma ba a haife ni in ga hannun dattijo a miƙe in mayar da shi haka ba. Amma ba wanda ya tambaye ni. Babbar nas ta cire katin daga wuyana da hannunta. Ta ce ofishin likita da ke ƙasa ina iya zuwa, amma kada ƙafata ta sake taka hawan marasa lafiya.

Yagana ta fara kuka, abin da likita ta hana don yana tada jinin. Sai Malama Rifkatu ta miƙa hannu ta karɓi katin ta rataya a kan nata.

"Maigidana ya fara takawa, ba ya bukatata kamar da. Je ka, Ba Modu, 'yarka 'yata ce. Amma don girman Allah ka zubar da dabinon nan."

Ban zubar ba. Cinyewa na yi.

Sun ɗauka zan koma masauki in zauna ina kallon bango. Ba su san mu ba. Daga wajen ƙofar asibitin akwai wata darbejiya, irin wadda ta cika titunan Maiduguri. Na tsinki ganye na tauna, ɗacin ya kai ni har ƙofar gidana, sai da na juya baya na share ido. Na sayo tabarma na shimfiɗa. Tagar Yagana tana kallon wurin. Da safe in ɗaga hula, ta ɗaga hannu. Mai gadi ya zo ya ce in tashi, na ce ya nuna mini inda aka rubuta sunan asibiti a jikin bishiyar. Ya tafi ya dawo da babbansa. Na saya wa babban shayi.

Kafin a jima tabarma ta hayayyafa. Ashe masu jinya da yawa suna gararamba a waje ba wurin zama: 'yan Afganistan, wani Balarabe da nake yi wa Larabcin Shuwa yana kallona kamar na zage shi, wani ɗalibi ɗan Tanzaniya da ya kawo yayarsa, da Indiyawan ƙauye da suka fi ni zama baƙi a garin. Mai shayin gefen titi ya matso da tukunyarsa kusa da mu. Da hannu da ƙafa nake ba su labarin giwan ruwan da aka kama a Baga, wanda sai da aka sa tsani kafin a ga idonsa. Ban san me suke ji ba, amma suna dawowa.

Da ranar aikin ta matso likita ta aiko a kira ni ofis, Malama Rifkatu ta sauko ta yi mana tafinta. Ta ce aikin yana cin jini, kuma ƙa'idar wurin ita ce dangin mara lafiya su kawo mutum shida su ba da nasu a madadin wanda za a ɗiba. In ba su cika ba kafin ranar, sai a ba wani gurbin, mu koma bayan layi. Layin kuwa dogo ne, ƙodar ba za ta jira shi ba.

Na ce wannan mai sauƙi ne, a ɗebi na mutum shida a jikina, ina da ragowa. Aka kai ni ɗakin ɗibar jini. Wata ma'aikaciya ta tambaye ni ko na yi zazzaɓin cizon sauro kwanan nan. Na ce a garinmu ba haka ake tambaya ba, sai dai a ce yaushe ya sake ka; ni watan jiya ya sake ni. Ta rufe bironta, ta ce sai bayan watanni. Malama ta miƙa nata hannun, aka ce ita ma jinin bai ishe ta ba. Muka fito kamar waɗanda aka kora daga jarrabawa.

A ranar yayana Bakura ya kira waya. Falmata ta gaya masa.

"Modu, ka ji tsoron Allah. Ba ka da kowa a can. Ka dawo da yarinyar nan, in ma wani abu ne ya same ta a gaban uwarta."

"Yaya, wani abu kamar me?"

"Ka san abin da nake nufi."

"Ban sani ba. Ni dai na san za ta sauko daga jirgi, kuma kai za ka ɗauki jakarta."

"Kai kullum wasa."

"Yau ba na wasa."

Na kashe wayar. Cika baki na yi masa, amma cikin shidan nan mutum ko ɗaya ba ni da shi.

A garinmu in abu ya fi ƙarfin mutum ba ya ɓoyewa. Ana sallame salla sai ya miƙe a gaban jama'a ya faɗa, kunya ta koma gefe. Da la'asar majalisa ta cika, na miƙe tsaye a tsakiyar tabarma. Suka gyara zama, sun ɗauka giwan ruwa ne zai dawo. Na cire hula na riƙe. Na nuna tagar sama inda Yagana ke tsaye. Na naɗe hannun riga na bugi jijiyar hannuna, na girgiza kai, na kwaikwayi kukan sauro. Na ɗaga yatsu shida. Sannan na yi magana da Kanuri, don a irin wannan wuri harshen uwa ne ke fitowa. Na ce, jama'a, 'yata ce, ba ni da kowa a nan sai ku.

Ɗan Tanzaniya ne ya fara ganewa, ya faɗa da Turanci, wani ya mayar da Indiyanci, magana ta zagaya. Wasu suka sunkuyar da kai, don an riga an ɗebi nasu saboda nasu majinyatan. Balaraben nan, wanda ya fi kowa shan shayina, ya tuna yana da uzuri, har yau bai dawo ba. Ɗan Tanzaniya ya miƙe. 'Yan Afganistan biyu, wa da ƙane, suka miƙe. Mai shayi ya kashe wutarsa ya biyo mu, amma da aka ɗora shi a sikeli aka ce bai kai nauyi ba, ya fito yana zagin sikelin. Uku ke nan. Ranar ƙarshe ta zo muna nan a uku.

Ina zaune da hantsi sai wata inuwa ta rufe ni, ba ta darbejiya ba. Na ɗaga kai. Ɗan tsohon nan ne mai rawani, da ƙatti biyu irinsa a bayansa, Malama Rifkatu tana biye da su tana haki. Na ce shi ke nan, an zo ramuwar dabino. Na miƙe, don in duka ne gara a same ni a tsaye.

Ya yi magana bai kalle ni ba, kamar alƙali yana karanta hukunci. Malama ta ce:

"Ya ce an yi wa babansa aiki, ya tashi lafiya, kuma labarinka ya kai sama. Babansa ya ce tun da aka kwantar da shi, kai kaɗai ne ka shigo ɗakinsa ba allura a hannunka. Ya ce in bai zo ya ba da jini ba, kada ya sake shiga masa ɗaki."

Ƙaton ya ƙara wata magana, gajeriya.

"Ya ce shi dai bai yafe maka ba."

"Gaya masa kada ya yafe. Ya riƙe fushinsa da kyau, ni jinin nake so."

Suka shiga su uku, suka fito da auduga a gwiwar hannu. Na miƙa masa hannu, ya kalle shi, ya wuce. Ban taɓa son mutumin da ya ƙi gaisawa da ni kamar shi ba.

Da safiyar aikin aka bar ni na tsaya a ƙofar ɗakin tiyata, tunda a ƙasa yake. Likita ta yi mini bayani na ƙarshe ta bakin Malama. Za su matse jijiyar su tsayar da jini kafin su ɗinka bututun, kuma duk tsawon lokacin ƙoda a yunwace take. Ko an gama lafiya, ba a sanin ta farfaɗo sai an ga fitsari ya sauko. In bai sauko ba, wata maganar ce.

Aka turo Yagana a kan gado, an sa mata wata hula kamar ledar burodi.

"Uwata, kina jin tsoro?"

"Kai ne kake ji, Baba. Rigarka a baibai take."

Na duba, gaskiyarta. Na ce sabon yayi ne, ba a kai shi gida ba tukuna. Tana dariya aka tura ta ciki, ƙofa ta rufe.

Tun safe har bayan la'asar. Malama tana gefe da addu'arta, ni ina gefe da tawa, ba wanda ya ce wa wani ya rage murya. Da likita ta fito ta ƙara zama 'yar mitsitsiya don gajiya. Ta ce bututu ya zauna, jini yana wucewa har ƙafa. Na buɗe baki zan yi kabbara, ta ɗaga hannu. Ƙoda ba ta ce komai ba tukuna.

Na koma gindin bishiya. Washegari har rana ta take ban ce uffan ba. 'Yan majalisa suka ruɗe, wani ɗan Afganistan har da taɓa mini goshi ya ji ko zazzaɓi ne. Mai shayi ya ajiye mini kofi ya huce, ya sauya, ya sake hucewa. Falmata tana ta kira ina kallon wayar, don ban san me zan ce mata ba.

Bayan azahar mai gadi ya zo da gudu yana yafito ni. Likita ta ce a shigo da ni. Aka sa mini shuɗiyar riga da takunkumi, aka sa na wanke hannu har fata ta yi ƙara, babbar nas tana biye da ni kamar ɗan sanda da ɓarawo. Yagana tana kwance cikin wayoyi da robobi, ta fi injin niƙa haɗe-haɗe, idonta a buɗe kaɗan. Likitar ta matso. Ta sunkuya gefen gadon ta ɗago wata jakar roba ta nuna mini.

Jama'a, na ga gwal a wuyan matan attajirai, na ga man shanu sabon suya, amma ban taɓa ganin abu mai kyan kalar abin da ke cikin jakar nan ba. Ya kusa rabi, kuma ina tsaye wani ɗigon ya gangaro ta cikin robar ya ƙaru. Likita tana ta bayani, Malama tana fassarawa: ba za a daina shan magani gaba ɗaya ba, za a riƙa duba bututun tana girma. Na ce a duba, ko kullum ne. Ni ɗigo nake kallo. Da na ga na gaba ya taho na ce masa lale, sannu da zuwa.

Sai na ji 'yar murya daga kan gado.

"Baba."

"Na'am, Uwata."

"Don Allah kar ka gaya wa kowa."

"Ni? Haba Uwata. Bakina a ɗinke yake, ya fi bututunki."

Ina fita ƙofar asibiti, ko takunkumin ban cire ba, na kira gida.

"Falmata! Yagana ta yi fitsari!"

Ta ce, "Modu, haukacewa ka yi a ƙasar mutane?"

"Rabin jaka, wallahi, kuma yana zuwa! Ƙodar ta tashi, Falmata. 'Yarki ta tashi."

Na ji wayar ta faɗi ƙasa, ba ta kashe ba. Na ji guɗa. Na ji ƙarar ƙofar gidanmu, da muryarta tana ƙara nisa, tana bin unguwa gida-gida tana shelanta wa duniya abin da ko a ɗaki ba a faɗa da ƙarfi.